Zuwa ga Inna, game da matar da ta faɗa kogi

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da kowa na gida. Ya ƙafar? Ni lafiyata ƙalau, sai kewa da sanyin da ya fara shigowa. Auta, na san ke za ki karanta mata, to ki bi a hankali, ban da tsallake layi.

Ranar da muka yi waya kati ya ƙare ban amsa miki tambayarki ba. Kin ce kin ji a rediyo wai mace ce ta riƙe garin da nake, har ta taɓa faɗawa kogi a gaban jama'a, kika ce anya lafiyarta kuwa. Lafiyarta ƙalau, Inna. Taurin kai ne Allah ya hore mata.

Sunanta Anne Hidalgo. A 2014 ta zama magajiyar garin Paris, kuma kafin ita mace ba ta taɓa hawa kujerar ba. Ba ma nan aka haife ta ba. A Sifaniya ne, a wani gari na bakin teku mai suna San Fernando, a 1959, zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco. Neman abinci ya kawo iyayenta birnin Lyon na nan Faransa tana 'yar shekara 2. Uban aikin wutar lantarki yake yi, uwar kuwa ɗinki, irin naki. Ranar da na ji haka sai da na ajiye cokali, don ƙarar kekenki na ji a kunnena, da daddare, ana saura kwana biyu sallah. Ana María ne sunanta na yanka. Sai a 1973, tana da shekara 14, ta samu takardar zama 'yar ƙasa. Ki lissafa, shekara 12 da zuwansu. Ni da nake ta ƙorafi a kan 'yan shekaruna sai na ja bakina na yi shiru.

Aikin da ta fara shi ne sufeton ƙwadago, masu shiga ma'aikatu su duba ko ana danne haƙƙin lebura. Daga baya ta shiga jam'iyyar gurguzu, ta yi shekara 13 tana mataimakiyar magajin gari Bertrand Delanoë kafin ta gaje shi. Sau biyu ta ci zaɓe, kuma duka biyun mace ce babbar abokiyar karawarta. Ta 2020 ma, Rachida Dati, 'yar baƙi ce ita ma, uba ɗan Maroko, uwa 'yar Aljeriya. Kwanakin baƙin ciki ba su bar ta ba: harin Nuwamba 2015 da ya ci mutum 130 a lokacinta aka yi, haka gobarar cocin Notre-Dame a 2019.

Amma in kika tambayi mutumin titi, mota zai ce miki. Yaƙi ta ɗaura da motoci saboda hayaƙi. A 2016 ta rufe babbar hanyar da ke bin gaɓar kogin Seine, yanzu yara ke guje-guje a wurin, tsofaffi na shan hantsi. A 2021 ta mayar da gudun mota kilomita 30 a awa a yawancin titunan gari. Ni dai gaba ta kai ni, tunda a kan keke nake neman abincina, jakar saƙo a baya. Akwai wani dogon titi, Rivoli, da safe sai ki ga kekuna kamar fari sun sauka a gona, har da masu kwat da mata ɗauke da yara a kwando. Abokin ɗakina kuwa tasi yake ja, in aka ambaci sunanta har tofar da yawu yake. Ya ce ta mayar da gari ramuka da shingaye, tafiyar minti goma ta koma awa. Ba duka ƙarya yake ba. Masu sukarta suna maganar shara da ɓeraye da bashi, ni kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya haya ne, da 'yan'uwanmu da nake wucewa suna kwana a tanti ƙarƙashin gadar jirgi.

Ta nemi shugabancin ƙasa a 2022, ko kashi 2 cikin 100 ba ta samu ba. Na ɗauka kunya za ta hana ta fitowa. Ina! Ta koma ofis kamar ba a yi ba.

To, maganar kogi. Tun 1923 aka hana wanka a Seine saboda ƙazanta, don in ruwan sama ya yi yawa magudanan gari cikinsa suke amayarwa. Jacques Chirac, da yana magajin gari, ya yi alkawarin zai shiga, har ya bar duniya bai shiga ba. Da wasannin Olamfik na 2024 suka matso, aka kashe kusan Yuro biliyan 1.4 wajen gyara, har da wata ƙatuwar rijiya a ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar Austerlitz mai tare ruwan datti. Ranar 17 ga Yuli ta saka kayan ninkaya da tabarau ta faɗa, tana da shekara 65. A Yulin 2025 aka buɗe wurare 3 don kowa ya shiga. Na je na tsaya a kan gada na leƙa. Ruwan kore-kore ne, mutane na ta shewa a ciki. Ban shiga ba, Inna, kwantar da hankalinki. Tun a 2024 ta ce ba za ta nemi zango na uku ba.

Sai maganar da Kawu ya kawo a kan Auta. Ban ƙi ba, amma ina roƙo a ɗaga ƙafa ta gama makarantar tukuna. Kuɗin bana na aika ta hannun da aka saba, akwai ɗan ƙari a kai, ki sa a duba miki ƙafar, a kuma canja bel ɗin keken. Auta, na san a nan muryarki za ta yi ƙasa. Ɗaga ta, ki karanta mata wannan wurin sau biyu.

A gaishe da Kawu da su Gwaggo. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanki