Musayar gidajen gwamnati ta fi ƙarfin kwamfuta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi tsokaci kan musayar gida tsakanin mu masu haya a gidajen gwamnati.

Ni malamin makaranta ne, shekara 11 ina zaune a Barnawa, ciki biyu da falo. Bara aka mayar da ni aiki Kawo. Kullum sai na haye gadar kogin Kaduna na ratsa cunkoson Ahmadu Bello Way, kuɗin mota kuwa yana neman cinye albashin.

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta ya ce wannan ai mai sauƙi ne. A Ingila, dokar gidaje ta 1985 ta ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar musaya, kuma dole hukuma ta ba da amsa cikin kwana 42. Har shafin intanet na neman abokin musaya suke da shi, HomeSwapper. Sai ya haɗa mana 'yar manhaja, muka zuba sunayen abokan aiki daga zaurenmu na WhatsApp: yawan ɗakuna, unguwar da kake, unguwar da kake so.

Da ƙyar ake samun mutum biyu da kowanne ke son gidan ɗan'uwansa. Abin da na'urar ta fitar zagaye ne na mutum 3: ni in koma Malali, na Malali ya koma Unguwar Rimi, na Unguwar Rimi ya zo Barnawa. A takarda abin gwanin sha'awa. Har na fara ɗaure littattafai.

Uwargidan na Malali ta je duba gida, ta tarar bene ne, surukarta kuma gwiwa ba ta barinta hawa. Mitar gidan akwai tsohon bashin wuta, kowa ya ce ba nasa ba ne. Ni kaina sai da na je na ji cewa famfon gidan Malali sai ya ga dama. Na ukunmu kuwa ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ja ni gefe ya ce iyalinsa ba za su tsallaka kogi ba. Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya ga rikicin 2000 da na 2002 ya san yadda aka yi ta sauya unguwa a garin nan. A wane gurbi na manhajar ɗan ƙanwar tawa zai rubuta wannan? Mutum ɗaya ya janye, zagayen duka ya watse.

Wani abin kuma, gidaje da dama sunan da ke takardarsu na wanda ya yi ritaya ne ko ya rasu, mazaunin yanzu tsoron a san da shi yake yi, balle ya shiga rajista.

Don haka roƙona ga masu kula da gidajen nan: kafin a kashe kuɗi kan manhaja, a halatta musayar a rubuce, a tsayar da wa'adin amsa, a raba kowa da bashinsa tun kafin ya kwashe kaya. Na'ura ta kawo sunaye, mu da matanmu mu je mu duba famfo mu gaisa da maƙwabta.

Littattafan nan dai ban kwance su ba tukuna.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Barnawa, Kaduna.