Idan Jirginku Ya Tsaya a Zanzibar Ana Ruwa

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Na ga saƙonka cewa jirgin ruwanku zai yini a Zanzibar a ƙarshen Maris, kuma hasashen yanayi ya nuna hadari. Hasashen bai yi ƙarya ba. Damina biyu gare su a can: ƙarama wajen Nuwamba zuwa Disamba, suna ce mata Vuli, da babba daga Maris zuwa Mayu, ita ce Masika. Ku a bakin babbar za ku iso. Ruwan Afrilu kaɗai kan kai kusan milimita 400. Ruwan Vuli yakan zubo ya ɗauke, na Masika kuwa yana iya kama gari tun hantsi har la'asar.

Ban ce ku zauna a jirgi ba. Ku sauka, amma ruwan nan ya rage muku nisan tafiya.

Ka fara da lokacin komawa, shi za ka gina yinin a kansa. Manyan jirage da yawa ba sa matsowa gaɓa a can, sai su tsaya a tsakiyar ruwa, ƙananan jirage masu inji su riƙa jigilar mutane. Abin da ke dakatar da jigilar nan iska ce da tashin igiyar ruwa, ba ruwan sama ba, domin ƙaramin jirgi ba ya iya jingina da babba yana hawa yana sauka. Kafin ka fita, ka ɗauki hoton allon da aka rubuta lokacin jirgin jigila na ƙarshe, da lambar wayar wakilin kamfanin a tashar, tana cikin takardar shirin yini da ake kawo muku ɗaki. Idan an ce na ƙarshe ƙarfe 5 ne, ku kasance a bakin ruwa ƙarfe 3:30. Ranar ruwa kowa yakan gudo lokaci guda, layi ya yi tsawo. Jirgi yana jiran waɗanda suka fita yawon da shi ya shirya, ba ya jiran wanda ya ɗauki tasi da kansa. Kai kuma da fasfon Najeriya, idan aka bar ka, cim ma jirgi a wata ƙasa babban aiki ne saboda biza. Tanzaniya kanta, ƙasar da Zanzibar ke cikinta, bizar 'yan Najeriya da Nijar sai an tantance ta tun kafin tafiya, kuma suna tambayar katin rigakafin shawara. Ka tabbatar da duka biyun a ofishin jirgi tun kwana biyu kafin ku iso.

Agogo ma akwai tarko biyu a cikinsa. Zanzibar tana gaban Najeriya da awa 2, kuma wani lokaci agogon jirgi yakan saɓa da na gari, wayarka kuwa na gari za ta bi. Ka ɗaura agogon hannu a kan lokacin jirgi. Na biyun ya fi kama baƙo: masu jin Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i. Ƙarfe 7 na safe shi ne sa'a ta ɗaya a wurinsu, "saa tisa", wato tara, ƙarfe 3 na rana ce, "saa kumi" kuma ƙarfe 4. Direba zai iya ce maka "goma" da zuciya ɗaya yana nufin la'asar. Ka nuna masa a fuskar agogo, kada ku rabu a kan baki.

Garuruwan shaƙatawa na bakin teku, Nungwi a arewa da Paje a gabas, ka cire su daga lissafi. Kowanne ya haura awa guda a mota ko da hanya a bushe, ruwa kuma yakan kwanta a ƙananan hanyoyi. In kun je ma, teku ta gurɓace da laka, ba abin da za ka gani a ƙarƙashinta. Tsibirin Changuu mai manyan kunkuru kusa yake, kamar rabin awa a kwalekwale, amma ba zan so ka sa 'yar mutane a buɗaɗɗen kwalekwale hadari na haɗuwa ba. Idan ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa kafin tsawa: kowane daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne. In dai kana jin tsawar, ku bar bakin ruwa, sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

Tsohon gari, wanda ake kira Stone Town, shi ne rabonku, kuma ya isa yini. Daga inda ake sauke ku da ƙafa za ku shiga. Lungunansa matsattsu ne kamar na cikin birnin Kano, sai dai gidajen benaye ne na dutsen murjani, indararonsu kuma cikin lungu suke zuba. Nan da nan lungu ya zama rafi har idon sawu. Ka lura da dakalin da ke jikin gidajen, suna ce masa baraza: idan ruwa ya yi yawa a kansa mutanen gari suke takawa. Ka bi sawunsu. Ruwan lungu ya gauraya da na kwata, wanda ke da ciwo a ƙafa kada ya tsoma ta. Rigar ruwa ta fi laima amfani, saboda lungun bai ɗauki laima biyu ba, ga babura suna ratsawa. Takalmin fata ka bar shi a ɗaki, haka farar shadda. Ku sa na roba mai maɗauri da ƙasa mai kaushi, silifas santsi yake a kan dutse. Iyalinka kuma ta sa hijabin da bai ja ƙasa ba. Waya da kwafin fasfo su shiga jakar da ruwa ba ya ratsawa. Kada ka cika aljihu da leda irin ta cefane, Tanzaniya ta haramta ta tun 2019.

Lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, ku nufi Mkunazini, inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873 zamanin Sarki Barghash. An gina coci a wurin, amma ɗakin baje kolin tarihin cinikin bayi daban yake, da rufi, ga ɗakunan ƙasa da ake nuna wa baƙi. Ku ba shi awa guda, ku karanta abin da ke bango a natse. Gidan da Barghash ya gina a 1883, Beit al-Ajaib, wani sashensa ya rushe a Disamban 2020, daga waje za ku kalle shi. Tsohuwar ganuwar Larabawan Oman tana gefensa, amma yawancinta fili ne, sai ruwa ya tsagaita.

Kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904, can za ku yi tsaraba. Da kuɗin ƙasar, shilin, za ka yi ciniki, ka canza kaɗan ka nemi ƙananan takardu. Kanumfari, kirfa da masoro ka saye su tsabarsu, ba niƙaƙƙu ba, domin gari yana shan danshi ya dunƙule, kuma ba ka san abin da aka haɗa a ciki ba. Kanumfari mai kyau idan ka danna shi da farce za ka ga ɗan maiƙo, wanda aka tatse mansa kuwa ba nauyi, ba ƙamshi. Idan iyalinka ta ga zannuwan da ake kira kanga, bibbiyu ake sayar da su, kuma kowanne da rubutun Suwahili a gefe. Ku sa a fassara muku kafin ku biya. Wasu addu'a ne, wasu habaici ne tsagwaronsa, kada ta kawo wa mahaifiyarka zanen da ke yi wa kishiya gugar zana.

Abinci, ku ci mai zafi da aka sauke a gabanku: shinkafar pilau, ko romon da suke kira urojo, da shayin citta. Ruwan gora kawai, ban da ƙanƙara. Kasuwar abinci ta Forodhani sai magariba take ci, lokacin kun koma. Ku shafa maganin sauro a ƙafa da hannu tun daga jirgi.

Garin Musulmi ne, masallatai a ko'ina, akwai tsohon nan na unguwar Malindi mai doguwar hasumiya kusa da tashar. Ba kowane masallaci ke da sashen mata ba, ka tambaya. Kada sabo ya sa ka fuskanci gabas: daga Zanzibar alƙibla arewa take, kusan sak.

Da kun koma jirgi ku wanke ƙafafu da sabulu, ka buɗe ƙunshin kayan ƙamshin ya sha iskar ɗaki kafin ka sa a akwati. Ka turo min saƙo in san kun hau. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce kanumfarinta rabin kilo.

Allah ya tsare hanya.

Mahaifinka