Wasiƙa Zuwa Ga Mutumina Na Malesiya

Assalamu alaikum Dakta mai jiran gado,

Ya karatu, ya Madam da yara? Kai tunda TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta ɗauke ka karatu shikenan ka manta da mu talakawa, ko flashin babu.

Makon jiya likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, wai in rage aiki in samu abin da zan riƙa shaƙatawa da shi. Dariya kawai na yi. Takardun jarabawar 'yan aji ɗaya suna nan cikin buhu a bayan ƙofar ofis ban taɓa ba, ga masu furojet suna min sintiri, ranar Asabar kuma in kama hanya zuwa wata jami'ar yin bizitin don albashi ba ya kai mu ƙarshen wata.

Ni dai a ganina tun yajin aikin ƙungiyarmu ta malaman jami'a, ASUU, na 2022 abin ya lalace, wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba ba albashi, kowa ya kama abin yi, wannan kiwon kaji wancan noma wani POS, aka koma aji amma sana'ar ba ta saki kowa ba. Filin da muke buga ƙwallo bayan la'asar ciyawa ta cinye shi, ragar ma an sace. Mutum na tsaye gaban allo hankalinsa na kan kuɗin abincin kaji.

Amma dubi Baba Farfesa. Har yau ƙarfe biyar na yi zai rufe ofis ya ɗauki raket ɗinsa sai kulob, ko shugaban sashe ne ke nemansa sai gobe. Kuma shi ne bai taɓa fashin lakcar ƙarfe takwas ba, shi ke fara miƙa sakamako. Mu da muke kwana da laftof muna ganin mun fi kowa himma, mu ne ɗalibai ke jira. Wallahi abin na damuna.

Af, mutuminka mai Vespa ya ƙara aure! An ɗaura bayan sallar Juma'a, uwargida ta yi yaji kwana biyu ta dawo. Ya ce in gaya maka gudummawarka bashi ce, kuma ba ya karɓar ringit, a canza masa.

Ka gaida Madam. Hajiya na tambayarka kullum, ka kira ta don Allah.

Naka,
Abokin cin tsire