Wasiƙa daga Gadarif: A ba sojojin da suka nakasa filin wasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga Gadarif a gabashin Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a kan hanyar Makka har muka zama 'yan gari. Ina roƙon ka ba ni dama in yi magana a kan samarin da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya dawo mana da su gida babu hannu ko babu ƙafa.

Ɗan ƙanena yana cikinsu. An yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, ya shafe wata bakwai kwance a kan gado, fuskarsa tana kallon bango. Dangi da maƙwabta ba su gaza ba, kullum ana shigowa ana cewa "sannu, Allah ya sa kaffara ne", shi kuma yana amsawa da "amin" ba tare da ya juyo ba. Wata rana sai ga wani dattijo a kan keken guragu, tsohon soja ne wanda ya rasa ƙafafunsa biyu a yaƙin Kudu da aka kawo ƙarshensa a 2005. Bai ce masa sannu ba. Sai da ya kurɓi jabana, wato gahawar Sudan, tukuna ya tambaye shi, "Yaro, ƙafar da babu ita tana yi maka ƙaiƙayi da dare, ko?" Nan take yaron ya juyo, domin abin da ya ɓoye mana ke nan don gudun kada mu ce ya taɓu.

Dattijon nan ne ya ja shi zuwa harabar wata makaranta inda nakasassu suke buga ƙwallon raga a zaune bayan la'asar. Mutum shida ne a kowane ɓangare, ragar ba ta wuce ƙirjin mai tsayuwa ba, kuma doka ta hana ɗan wasa ya ɗaga mazaunansa daga ƙasa lokacin da yake dukan ƙwallo, saboda haka mai ƙafa biyu ba ya fin mai ƙafa ɗaya da komai.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1948 wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya shirya wa tsofaffin sojoji 16 masu ciwon laka gasar harbin kibiya a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, kuma daga nan ne aka samo gasar nakasassu ta duniya da aka fara a Rum a 1960. Yarima Harry na Birtaniya ya kafa gasar Invictus a Landan a 2014 domin sojojin da suka jikkata. Nijeriya ta shiga a 2023 a Jamus, inda Peacemaker Azuegbulam, sojan da ya rasa ƙafa a yaƙi da Boko Haram, ya ci lambar zinare a ɗaga nauyi. Da na nuna wa yaronmu hotonsa a waya, ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba.

Sai dai ina da ja a kan yadda ake amfani da irin waɗannan mutane. An fara gayyatar su taruka su yi jawabin ƙarfafa gwiwa, a tafa musu, a ɗauki hoto, sannan kowa ya watse, mai jawabin ya koma gida da kuɗin mota kawai. Jawabi yana da amfani idan wanda ya sha ɗacin ne yake yi wa ɗan'uwansa, kamar yadda na gani da idona, amma ba ya sayen ƙafar roba, ba ya biyan haƙƙin da ya maƙale. Mun je wani ofishi sau huɗu a kan takardun yaron nan, har yau "ku dawo" muke ji.

Don haka ina kira ga masu unguwanninmu da 'yan kasuwar riɗi da ƙungiyoyin Hausawa na Gadarif da Kasala da Maiwurno, da 'yan'uwanmu mazauna Jidda da Makka, su taimaka da abin da bai fi ƙarfinsu ba, wato fili mai laushi da ƙwallo da raga da sanduna masu ƙwari. Ragar da yaranmu suke wasa da ita yanzu tsohon gidan sauro ne da aka ɗaura a jikin sanduna biyu, kuma damina na zuwa, laka za ta hana keken dattijon shiga harabar.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Gadarif, Sudan