Haddar jadawalin sinadarai ba ta isa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini don in yi magana da 'yan uwana malaman Kemistiri na sakandare, musamman na nan jihar Gombe, kan yadda muke koyar da jadawalin sinadarai, wato teburin da aka jera dukkan sinadarai a cikinsa bisa tsari.

Yaro ɗan aji huɗu zai jero maka sinadarai 20 na farko, daga haidirojin har kalsiyam, babu gargada. Amma ka tambaye shi me ya haɗa sodiyam da fotasiyam a rukuni ɗaya, wato layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa a jadawalin, sai ya yi zuru. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin amsar ba ta fi ƙarfin yaranmu ba. Mu ne muke tura su hadda saboda gaggawar WAEC da NECO, muna tsallake dalili.

Dalilin yana cikin ginin atam ɗin kansa, wato ƙwayar zarra ta sinadari. A tsakiya akwai cibiya mai ɗauke da furoton da niyutiron, ilektiron kuma suna kewaye da ita zobe-zobe. Yawan furoton shi ne lambar atam ta sinadari, kuma da ita aka jera dukkan sinadarai 118. Sodiyam lambarsa 11: ilektiron 2 a zoben farko, 8 a na biyu, 1 a na waje. Fotasiyam lambarsa 19: 2, 8, 8, 1. Kowannensu na da guda ɗaya tilo a waje, wanda bai da wuyar rabuwa da shi, shi ya sa halinsu ya zo ɗaya. Kulorin kuwa 2, 8, 7 ne, saura ɗaya zobensa ya cika. Sodiyam ya bayar, kulorin ya karɓa, ga gishirin da muke sa wa miya.

Yaron da ya riƙe wannan zai iya gano sauran da kansa. In ana gangarowa cikin rukuni, zobba suna ƙaruwa, atam yana girma, ilektiron na waje yana nisa da cibiya, riƙon da ake masa yana sassauci. A kwalejin da na yi karatu malaminmu ya ciro sodiyam daga kwalbar da yake nutse cikin mai, ya yanka shi da wuƙa kamar sabulu, wurin yankan yana ƙyalli kafin iska ta dusashe shi. Da ya jefa ɗan tsakure a ruwa, sai ya dunƙule yana gudu a saman ruwan yana tsuwwa. Fotasiyam kuwa yana taɓa ruwa ya kama da wuta mai launin shunayya. Zobe ɗaya ne kawai ya raba su. In kuma ana tafiya a layi daga hagu zuwa dama, daga sodiyam zuwa kulorin, furoton suna ƙaruwa amma zobba suna nan uku, sai cibiya ta ƙara janyo su, atam ya tsuke, ciro ilektiron ya ƙara wuya.

Misalan ma suna ƙofar gidanmu. Iyayenmu mata in kanwa ta yanke sukan tace ruwan toka su sa a miya, ya yi aikin. Kanwa gishirin sodiyam ce, toka kuma na fotasiyam, rukuni ɗaya. Dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Ashaka kalsiyam ne a cikinsa, mai ilektiron 2 a waje, ɗan rukunin magniziyam. Aidin da ake sa wa gishiri don kare mutane daga maƙoƙo yana rukunin kulorin. Yaron da mahaifinsa ke sayen takin NPK kowace damina ya kamata ya iya nuna N (naitirojin) da P (fosfaras) da K (fotasiyam) a jadawali.

Sannan mu riƙa ba su labarin Dmitri Mendeleev na Rasha. A 1869 ya jera sinadaran da aka sani, ya bar gurabe babu komai, ya faɗi siffar waɗanda za su cike su. A 1875 aka gano galiyam, a 1886 jamaniyam, suka dace da abin da ya faɗa. Shi a lokacin bai ma san da ilektiron ba, domin sai 1897 J. J. Thomson ya gano shi, kuma sai 1913 Henry Moseley ya nuna cewa lambar atam ce ke tsara jerin, ba nauyi ba. Yaranmu yau suna da makullin da shi bai samu ba.

Na san yawancin makarantunmu babu kayan gwaji. Amma zana zobba a allo alli kawai yake bukata. Ina kira ga malamai mu riƙa yin bayanin da Hausa tukuna har yaro ya gane, sannan mu koma Turancin jarrabawa. Shugabannin makarantu kuma su taimaka su liƙa babban jadawali a bangon kowane ajin kimiyya, su bar malami ya nuna wa yara bidiyon gwajin sodiyam ko da a wayarsa ce.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Malamin Kemistiri,
Bajoga, Jihar Gombe.