Zanen Wannan Mako: Dajin Hobbema

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na ɗora hoton da za mu tattauna a kai ranar Asabar bayan Isha'i. Zane ne na wani kurmi, aikin Meindert Hobbema, mutumin Amsterdam a ƙasar Holan, ya zana shi a 1663. Yanzu yana gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Washington.

Don Allah kada a yi masa kallon wucewa. A buɗe shi sosai a waya. Ku bi hanyar da ta ratsa cikin itatuwa, ku ga yadda rana ta sauka jefi-jefi a ƙasa, nan haske, can duhun inuwa. Mutanen da ke ciki ƴan mitsi-mitsi ne, itatuwan ne manyan baƙi. Ni dai hasken nan ne ya tsayar da ni.

Hobbema almajirin Jacob van Ruisdael ne, amma dajin malamin ya fi duhu da nauyi. A 1668 Hobbema ya samu aikin awon giya a Amsterdam, sai zane ya ja baya. Ya rasu a 1709 cikin talauci.

Masu turo sitika, a ɗaga mana ƙafa ranar.