Aikin sauya ƙashin kwatangwalo: ta gaba ko ta baya?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah ka ba ni ɗan fili na yi magana a kan aikin sauya gaɓar kwatangwalo, saboda na ga mutane na ta ruɗewa a kai kuma mu ma mun shiga irin wannan ruɗanin.

Yayata mai sikila ce, kan ƙashin cinyarta ya mutu saboda jini ba ya isa wurin, har ta kai ko juyi a gado sai da hawaye. Da likita ya ce sai an yi aiki sai muka duƙufa a intanet, wannan bidiyon ya ce in ba ta gaba aka yanka ba an cuce ka, wancan ya ce ta baya ita ce daidai, wallahi mun fi wata biyu muna jan ƙafa a kan wannan gardamar ita kuwa tana ta fama da ciwo. Har yau abin na damuna.

Aikin dai iri ɗaya ne ko ta ina aka shiga, a cire kan ƙashin da ya lalace a sa ƙwallon ƙarfe ko na tangaran, a sa wani ɗan kofi a ramin kwatangwalon da ƙwallon zai riƙa juyawa a ciki. Wani likitan Ingila John Charnley ne ya daidaita wannan tsarin wajen 1962, a 2007 kuma mujallar Lancet ta kira shi aikin ƙarni. Bambancin kawai ƙofar shiga ce.

Ta baya ita likitoci da yawa suka fi sabawa da ita, suna ganin gaɓar sarai, amma sai an yanke wasu ƙananan tsokoki a sake ɗinke su, shi ya sa da yawansu ke cewa kusan sati 6 kar ka harɗe ƙafa, kar ka zauna a gajeriyar kujera, kar ka sunkuya sosai don kada ƙwallon ya goce. Akwai kuma ta gefe, a nan ƙwallon bai cika gocewa ba sai dai wasu na ɗan jima suna ɗingishi. Ta gaba kuwa, wadda ake ta yi wa talla kamar sabon abu alhali tun 1947 Robert Judet ya yi aiki da ita a Faransa, ana bi ne ta tsakanin tsoka, mutum kan ɗan fi saurin miƙewa a makonnin farko, amma akwai wata jijiya a wurin da in aka taɓa ta fatar cinya kan mutu ko ta riƙa zugi, kuma hanya ce mai wuyar koyo, a hannun wanda bai ƙware ba har ƙashin cinya na iya tsagewa. Bayan 'yan watanni kuwa da wuya ka bambance wanda aka yi wa ta gaba da wanda aka yi wa ta baya.

To ni a ganina tambayar da ya kamata mu yi wa likita ita ce wacce hanya hannunsa ya saba da ita, kuma sau nawa yake yin aikin. Tilasta masa bin hanyar da ka gani a bidiyo kai za ka kwana ciki.

Ita yayata ta baya aka yi mata. Washegari aka tayar da ita tsaye da ƙarfen dogarawa, ni da ke gefe tsoro ya kama ni, ashe tashin da wuri shi ke hana jini daskarewa a ƙafa, ga maganin tsinka jini da ta sha kusan wata guda. Kuma nan ne fa ainihin aikin yake, wanda ba a yi masa talla. Motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koya mata kullum sai an yi, ranar da take jin daɗi da ranar da ba ta so, wata rana har faɗa muke yi. Mun ɗaga mata gado da wurin zama, mun kwashe duk abin da zai iya sa ta tuntuɓe. An kuma ja mana kunne cewa zazzaɓi, ko wurin yankan ya riƙa fitar da ruwa, ko sha-raɓa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti nan take kar a jira gobe. Masu sikila kuma sai an ƙara kula da jininsu da ruwan jikinsu kafin aiki da bayansa.

Masu tsoron wai ƙarfen ba ya daɗewa, wani bincike da Lancet ta buga a 2019 ya nuna fiye da rabi na kaiwa shekara 25. Don Allah Malam Edita ku gayyato likitan ƙashi da mai gashin ƙashi su yi mana bayani a shafin lafiya, musamman kan sati 6 ɗin farko bayan an sallamo mutum gida.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku